Danƙon Akirilik da Zafin Ƙasar Kabi

A ƙaddara magidanta biyu ne maƙwabtan juna a Birnin Kebbi suka yi wa gidajensu fenti a mako ɗaya, gab da Sallah. Na farko ya sayi mafi arahar bokitin da ya samu a kasuwa, mai fenti kuma ya ƙara masa ruwa don ya isa. Na biyu ya buɗe bakin aljihu, ya sayi fenti mai kauri, irin wanda ake cewa yana miƙewa kamar roba, ba ya tsagewa ko da bango ya tsage. Shekara na zagayowa, duk wanda ya jingina da bangon na farko sai ya tashi da farin gari a bayan rigarsa. Bangon na biyu kuwa bai ɓare ba, bai tsage ba, amma ya rine ya koma ruwan ƙasa, ƙurar hunturu ta kama shi ta yadda ko ruwan damina bai iya wanke ta ba. Kowannensu ya ɗora wa mai fenti laifi. Alhali kuwa abu ɗaya ne ya ci su su biyun, wato danƙon da ke cikin fentin. A bokitin farko danƙon ya yi kaɗan. A na biyu kuma ya yi laushi fiye da yadda zafin wannan yanki zai lamunta.

Fentin ruwa, wanda masu sana'a ke kira imolshan, haɗin abubuwa huɗu ne: ruwa, da garin launi, da garin alli na ciko, da danƙo. Ruwa yakan bushe ya tafi. Launi da alli gari ne kawai, ba su iya kama bango da kansu. Danƙon nan shi ne ke ɗaure su da juna ya kuma ɗaure su da bango, yana kuma daga cikin abubuwan da suka fi tsada a cikin bokiti. Saboda haka idan aka ga fenti ya yi araha ƙwarai, to akasari danƙon aka rage aka ƙara alli.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga maginan Hausa. Tun kafin zuwan siminti suna jiƙa ɓawon ɗorawa su sami makuba, su shafe bango da ita don ruwa ya riƙa zamewa. Suna haɗa laso daga katsin marina da gashin jima da yauƙin dafara, su daɓe soro da shi. Malamai kuma suna zuba ƙaro a tawada don rubutu ya zauna a kan allo ko takarda. Makuba da dafara da ƙaro duk danƙo ne da ake samu daga tsirrai. Akirilik ɗan'uwansu ne a wajen aiki, sai dai shi daga man fetur ake samo asalinsa, kuma ana iya tsara laushinsa tun daga masana'anta kamar yadda tela ke yanka riga daidai da jikin mai ita.

Daga ɗakin bincike zuwa bokiti

A shekarar 1901 wani ɗalibi Bajamushe, Otto Röhm, ya kammala digirinsa na dakta a Jami'ar Tübingen a kan abin da ke faruwa idan ƙwayoyin sinadarin akirilik suka sarƙe da juna. Abin da ya samu wani abu ne garai-garai, mai taushi da yauƙi, wanda a lokacin ba a san abin da za a yi da shi ba. A 1907 shi da abokinsa Otto Haas suka kafa kamfani. Sai a 1933 kamfanin ya fito da Plexiglas, wato gilashin roba mai tauri, wanda daga baya aka yi tagogin jiragen sama da shi. Fentin gida bai ci gajiyar binciken ba sai a 1953, lokacin da kamfanin Otto Haas na Amurka ya fitar da Rhoplex AC-33, danƙon akirilik da ke cikin ruwa. Daga nan aka fara samun fentin waje mai jure rana wanda ake wanke burushinsa da ruwa maimakon kananzir.

Masana suna kiran irin waɗannan abubuwa polima. Polima doguwar sarƙa ce da aka yi ta hanyar jera ƙananan ƙwayoyin sinadari iri ɗaya, dubbai, kamar 'ya'yan carbi a zare. Tushen na akirilik iskar furofilin ce da ake samu wajen tace ɗanyen mai. Galibin waɗannan sinadarai daga ƙasashen waje ake shigo da su Nijeriya, shi ya sa farashin fenti mai kyau ya bi dala ya yi sama bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, shi ya sa kuma jarabar rage danƙo ta ƙaru.

Abin da ke bambanta mai tauri da mai laushi a cikin dangin akirilik shi ne reshen da ke jikin kowane ɗan carbi. Wanda ya taɓa ɗaure kara ya san cewa karan da aka zage ganyensa yana matsewa tsaf a dami, rassan da ba a sassabe ba kuwa ba su matsuwa, kullum akwai sarari a tsakaninsu. Haka sarƙoƙin suke. Na metil metakirilet, wanda ake yin Plexiglas da shi, gajerun rassa gare su, ga kuma wani ɗan ƙulli a jikin sarƙar da ke hana ta juyawa, don haka suna sandarewa. Na butil akirilet kuwa dogayen rassa gare su masu lanƙwasa, suna tura maƙwabta gefe, kowace sarƙa ta sami wurin motsi.

Matakin laushi

Kowace polima tana da wani mataki na zafi wanda a ƙasa da shi take da tauri kamar gilashi, a sama da shi kuma ta yi laushi kamar roba. A littattafan kimiyya ana rubuta shi da alamar Tg, a nan kuwa za a kira shi matakin laushi. Cingam misali ne da kowa ya sani. Danƙon da ke cikin yawancinsa yana da matakin laushi wajen digiri 30 na ma'aunin Salshiyas. A baki, inda zafi ya kai digiri 37, yana da taushi. Da an kurɓi ruwan sanyi sai ya ƙage.

Matakin laushin polimar metil metakirilet yana wajen digiri 105. Na butil akirilet kuwa yana wajen digiri 54 ƙasa da sifili. Na farko shi kaɗai ba ya yin fenti, sai dai ya bushe ya zama gari. Na biyu shi kaɗai ba ya taɓa daina yauƙi. Hikimar ita ce a jera su a sarƙa ɗaya, a sami abin da ke tsakani. A 1956 wani masani Ba'amurke, Thomas Fox, ya fitar da ɗan lissafin da ake hasashen sakamakon da shi, kuma har yau ana koya wa ɗaliban kimiyyar sinadarai shi. Bisa wannan lissafi, idan aka haɗa su rabi da rabi a nauyi, matakin laushi zai faɗo wajen digiri 4. Mai karatu da ya ɗauki tsakiyar 105 da 54 ƙasa da sifili zai sami kusan 25, amma mai laushin ya fi ɗan'uwansa rinjaye. Idan mai tauri ya kai kashi 60 cikin ɗari, ana samun kimanin digiri 20. Idan kuwa mai laushi ya kai kashi 70, sai a gangara zuwa kimanin digiri 22 ƙasa da sifili. Wato canjin kashi kaɗan a tukunyar masana'anta shi ne bambancin fentin ƙofa da fentin rufi da gam.

To, me ya sa ake bukatar laushin tun farko? A cikin bokiti danƙon ba narkakke ba ne. Ƙananan dunƙule-dunƙule ne da ke yawo a ruwa, kowanne bai wuce kashi ɗaya zuwa biyar cikin dubu goma na milimita ba, shi ya sa yake fari kamar madara. Idan aka shafa a bango ruwa ya fara tafiya, sai su matso kusa da juna, ragowar ruwan da ke tsakaninsu ya ja su ya matse, su lotse, sarƙoƙin wannan su kutsa cikin na wancan, har iyakokinsu su ɓace su zama fata guda. Da zarar haka ta faru ruwa ba ya sake narkar da su. A nan akirilik ya sha bamban da ƙaro, wanda ko bayan shekaru ɗigon ruwa ke mayar da shi yadda yake. Amma dunƙulen ba su lotsewa sai suna da laushi a lokacin bushewa.

A Turai da Arewacin Amurka, inda aka ƙirƙiro wannan fenti, babbar fargabar ita ce sanyi, kada a shafa fenti a digiri 5 ya ƙi haɗuwa. Don haka aka saba karkata wajen laushi. A kwarin Rima kuwa matsalar ta juya baya. A watannin Maris da Afrilu zafin inuwa a Birnin Kebbi da Argungu yakan haura digiri 40, bangon da ke kallon yamma ya fi haka da la'asar, kwanon rufi mai duhun launi kuma yana iya kai wa digiri 70. Danƙon da ya dace da bangon Landan, a nan yana nesa ƙwarai a saman matakin laushinsa kusan duk shekara. Fuskarsa takan yi ɗan danƙo-danƙo wanda yatsa ba lalle ya ji ba, amma ƙura tana ji. Ƙwayar ƙura ta sauka, ta nutse kaɗan, fatar ta rungume ta. Abin da ya sami magidanci na biyu ke nan. Kuma ba a ƙarancin ƙura a nan, tun daga Nuwamba har Fabrairu iskar hunturu ke sauke ta daga Sahara.

Wannan ba ya nufin fenti mai miƙewa ba shi da amfani. Bangon siminti yana buɗewa da rana ya tsuke da dare, musamman a hunturu da ake kwana da sanyi a wuni da rana, kuma ƙananan tsaga kamar silin gashi sukan bayyana a filasta. Ta nan ruwan Agusta ke shiga. Fata mai laushi da kauri tana iya miƙewa ta rufe bakin tsagar maimakon ta yage tare da ita. Haka kuma farin shafen akirilik a kan rufi, yana sabo, yana mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken rana, ɗaki ya yi sanyi ba tare da wutar lantarki ba. Sai dai wannan alheri yana raguwa gwargwadon yadda ƙura ta dusashe farin. Masana'antu sun ɓullo wa abin ta hanyoyi biyu. Wasu suna zuba wani sinadari da ke sa hasken rana ya ɗaure sarƙoƙin da ke can saman fatar kawai, fuska ta yi tauri ciki ya zauna da laushinsa. Wasu kuma suna ƙera kowane dunƙule da sashe mai tauri da sashe mai laushi. Irin wannan fenti ya fi tsada, amma shi ya kamata mai gini a wannan yanki ya tambaya, maimakon ya tsaya ga kalmar "roba" da dillali ya faɗa.

Akwai kuma laifin da ba na bokiti ba ne. A tsakiyar hunturu danshin iska yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Idan aka shafa fenti da tsakar rana a kan busasshen bango mai zafi, iska ta janye ruwa ta gaba, bango ya tsotse ta baya, dunƙulen ba su samun sukunin jeruwa kafin ruwa ya ƙare. Tsofaffin masu fenti da ke fara aiki da sassafe suna bin inuwa suna zagaya gida sun riga littafi sanin wannan. Sabon siminti kuma yana da kaifi irin na toka, yana cinye danƙon binil asitet da ake sa wa fentin cikin ɗaki mai araha. Akirilik zalla ya fi jure wannan kaifin, duk da haka ƙa'ida ita ce a bar filasta ta yi kamar mako huɗu kafin a shafa. Wanda aka gauraya da sitirin ya fi araha kuma yana jure siminti, amma rana tana cinsa sannu a hankali, ya yi rawaya ya fara gari.

Gam da ba ya bushewa

Idan aka bi laushi har ƙarshensa, sai a fita daga fenti a shiga gam. Salatif, da takardar manna farashi, da filastar rufe ciwo ta asibiti, da sitikar da ke bayan Keke Napep, da yawansu akirilik ne mai matakin laushi tsakanin digiri 40 zuwa 60 ƙasa da sifili, an ɗan ƙara masa asid na akirilik kashi kaɗan don ya sami ƙarfin riƙo. Irin wannan gam ba ya bushewa, ba a kuma so ya bushe. Idan aka danna shi yana malala kamar ruwa ya shiga ƙananan ramukan da ido ba ya gani, idan aka ja shi kuma ya yi turjiya kamar roba. Wani masanin kamfanin 3M, Carl Dahlquist, ya nuna a shekarun 1960 cewa akwai iyakar tauri wadda duk abin da ya haura ta ba zai manne da dannawar yatsa ba. A wannan kamfani ne kuma Spencer Silver, a 1968, yana neman gam mai ƙarfi ya samu mai rauni, ƙananan dunƙulen akirilik da ke kamawa su saki ba tare da barin tabo ba. Sai da aka shekara 12 kafin a sayar da shi ko'ina a Amurka a matsayin Post-it, a 1980.

Akirilik yana kama gilashi da ƙarfe da kwali da kyau, yana kuma daɗewa a rana bai lalace ba. Amma ba ya shiri da robar jarka da ta buhu, domin fuskarsu kamar an shafa mata kaki take, ba ta barin gam ya baje. Wanda ya ziyarci masana'antar shinkafa ta WACOT da aka buɗe a Argungu a 2017, ko ya tsaya a kowace rumfar 'yan shinkafa, zai lura cewa bakin buhu ɗinke shi ake yi, kwali ne ake rufewa da salatif. Ƙura ma abokiyar gabarsa ce. Idan aka manna sitika a kan gilashin da ba a goge ba, ƙurar aka manna wa, ba gilashin ba.

Inda ya kamata a yi hattara

Gidan tarihi na Kanta da ke Argungu tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce har zuwa 1942, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi a 1958. Shi da sauran tsofaffin gine-ginen ƙasa na wannan yanki suna fuskantar wata jaraba da ke zuwa da kyakkyawar niyya, wato a lulluɓe bangon ƙasa da siminti ko da fenti mai kauri don ruwa kada ya taɓa shi. Bangon ƙasa yana shan danshi daga tushe, balle a garin da ke gefen fadama, inda ambaliya irin ta 2020 ke ɗaga ruwan ƙarƙashin ƙasa. Lafiyarsa ita ce ya fitar da wannan danshi ta fuskarsa. Siririn shafen akirilik yana barin tururi ya ɗan wuce, amma mai kauri, shafi a kan shafi, yana tare hanya. Danshi ya taru a baya, ƙasa ta yi laushi, gishirin da ruwa ya ɗauko ya taru, wata rana fatar ta kumbura ta faɗo da ɓangaren bango a jikinta. Masu kula da gine-ginen ƙasa a ƙasashe da dama sun ga wannan, shi ya sa suka fi amincewa da yaɓe da shafe irin na gargajiya da ake sabuntawa lokaci-lokaci. Makuba ba ta daɗewa kamar akirilik, amma idan ta tafi ita kaɗai take tafiya.

A cikin gidajen tarihi na duniya kuwa, akirilik yana da babban matsayi. Wani nau'insa mai suna Paraloid B-72 shi ne aka fi amfani da shi wajen haɗa fasassun tukwane, musamman tun bayan rubutun da Stephen Koob ya yi a kansa a 1986. Ba ya rawaya, kuma ana iya narkar da shi da asiton a warware gyaran ko bayan shekaru masu yawa. Amma matakin laushinsa digiri 40 ne. A ɗakin ajiya mai na'urar sanyaya iska wannan ba komai ba ne. A ɗaki mai rufin kwano a Argungu cikin Afrilu kuwa, wannan shi ne zafin la'asar, kuma tukunya mai nauyi da aka haɗa da shi tana iya saki sannu a hankali ta karkace. Masu tonon kayan tarihi a ƙasashe masu zafi sun gamu da haka, shi ya sa sukan gauraya shi da 'yan'uwansa masu tauri, kamar B-48N mai matakin digiri 50 ko B-44 mai digiri 60.

Abin da ya fi kusa da gidajen jama'a shi ne takardu. Masarautar Gwandu, wadda fadarta ke Birnin Kebbi, ta gaji ilmin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da almajiransa, kuma a gidajen malamai da yawa akwai littattafan da aka kwafa da hannu, na Larabci da na ajami, a cikin gafaka. Idan warƙa ta yage, abin da hannu ke fara kai wa shi ne salatif. Tsohon salatif mai danƙon roba yakan yi rawaya, ya bar tabo mai kama da mai, ya bushe ya faɗi. Na akirilik ba ya yin haka, sai mutum ya zaci ya tsira. Amma da yake kullum yana saman matakin laushinsa, bai taɓa daina malala ba, kuma zafi yana ƙara masa sauri. Shekara da shekaru yana kutsawa cikin zaren takarda, ya kama tawadar da ƙaro kawai ke riƙe da ita a sama. Ranar da aka zo cire shi, da harafin yake tashi. Masu gyaran takardu suna amfani da kunun sitacin alkama da wata siririyar takarda ta Japan, domin ɗan danshi kaɗan ya isa a warware su. Kafin a sami mai wannan sana'a, warƙar da ta yage a sa ta tsakanin farar takarda biyu masu tsabta, a mayar da ita gafaka yadda take.